Yadda ake gwada bayanin kayan aiki kafin a miƙa wa ɗan aiken AI ragamar ofis

Da alhazai sun sauko daga Mina an fara haramar komawa gida, ofisoshin kago na Jidda ba sa samun sararin ko shan shayi. Ga jakunkunan abaya da jallabiya daga Bab Sharif, ga kwalayen dabino, ga darduma da barguna, kowa yana son a auna nasa a tura Kano ko Yamai kafin jirginsa ya tashi. A irin wannan lokacin ne wani ofis da nake yi wa aikin manhaja ya sa na haɗa masa ɗan aiken AI a WhatsApp: kwastoma ya turo saƙo, ɗan aiken ya duba farashi, ya yi rajistar kaya, ya fitar da fatura, ba sai an jira magatakarda ba.

Mako bai cika ba wata Hajiya ta zo biya, waya a hannu. Kuɗin kayanta riyal 450 ne, amma faturar da aka turo mata ta ce riyal 4 da halala 50. Allah Ya sa mai amana ce, ita da kanta ta nuna wa Alhaji mai ofis. Da na buɗe kundin hirar sai na ga inda gizo ke saƙa. Gurbin kuɗi a tsarinmu halala yake karɓa, kamar yadda tsare-tsaren biyan kuɗi da dama ke yi, halala 100 kuwa ita ce riyal 1. Ni na san haka tunda ni na rubuta. Amma bayanin da na ajiye wa ɗan aiken a kan gurbin kalma biyu ne kawai: "adadin kuɗi". Ya sa 450, tsarin ya karanta halala 450. Laifin nawa ne.

Ga abin da ya kamata ka riƙe tun yanzu, ɗan'uwa. Ɗan aiken nan, ko Claude ne ke bayansa ko ChatGPT ko Gemini, ba ya ganin kod ɗinka. Kowane aiki da ka ba shi ikon yi, wanda masu manhaja ke kira tul, abu uku ne ke isa gare shi game da shi: suna, bayani na rubutu, da tsarin guraben da zai cike, wanda ake rubutawa da JSON Schema, wato salon rubutu na fayyace irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI mai ChatGPT ya fito da hanyar kiran tul a Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar haɗa ɗan aiken AI da kayan aikinsa da kamfanin Anthropic mai Claude ya fitar a Nuwamban 2024 wadda yanzu manyan kamfanonin suka runguma. Duk abin da ba ka rubuta a waɗannan wurare uku ba, ko a umarnin farko da ka ba shi, zato zai yi a kai. Kuma zatonsa yakan yi kama da gaskiya, shi ya sa ba a saurin kama shi.

Saboda haka kada ka auna bayaninka da yadda yake karantuwa a idonka. Kai mai ɗaki ne, ko babu fitila ka san inda ƙofa take. Ana auna shi ne da abin da baƙo ya aikata bayan ya karanta. Matakan da nake bi ke nan.

Mataki na 1: Fitar da ainihin abin da ɗan aiken ke gani

Ka ciro jerin kayan aikin daga bakin tsarin, yadda yake tafiya wurin ɗan aiken. In da MCP kake aiki, umarnin tools/list zai ba ka, ko ka buɗe manhajar dubawa ta MCP Inspector ka gani. Ka buga a takarda. Na sha tarar da gurbin da na yi imani na yi wa bayani ashe fayau yake, bayanin yana cikin sharhin kod inda babu mai ganinsa sai ni.

Mataki na 2: Gwajin baƙo

Kafin ka kashe ko halala ɗaya wajen gwada na'ura, nemo mutum mai hankali wanda bai taɓa aikin ofishin ba. Ni ƙanena na kira, yana karatu a Madina, ya zo hutu. Na miƙa masa takardar, na ce kada ya tambaye ni komai sai ya gama karantawa. Sannan na karanta masa saƙon kwastoma guda: "Alhaji a dage min kayana zuwa bayan sallah."

Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Yaya, akwai soke_rajista, akwai gyara_rajista. Ɗage rana gyara ne, ko sai na soke na sake sabuwa?"

Na ce, "Gyara ne mana."

Ya ce, "To ai ba ka rubuta ba. Ka ce yana gyara bayanan kaya. Rana tana cikin bayanan kaya? Kuma bayan Sallah ɗin yaushe ke nan, washegari ko bayan mako?"

Duk tambayar da baƙon nan ya yi maka, rami ne a bayaninka. Rubuta ta. Bambancinsa da ɗan aiken AI shi ne, shi ya ɗago kai ya tambaya, ɗan aiken kuwa sau da yawa zai cike ramin da kansa ya wuce. Rabin sa'a da ƙanena ya fito mini da ramuka fiye da waɗanda na gano ni kaɗai a kwana biyu.

Mataki na 3: Haɗa jarrabawa daga saƙonnin gaske

Nan ne aikin yake, nan kuma mutane suka fi yin kasala. Sai ka ga mutum ya zauna ya ƙirƙiro tambayoyi goma masu tsabta irin "Nawa ne kuɗin tura kilo 30 daga Jidda zuwa Kano ranar 12 ga Yuli?", ɗan aiken ya ci duka, a ce an gama. Babu kwastoman da ke rubutu haka. Koma wayar ofis ka kwaso abin da mutane suka turo da hannunsu. Za ka ga "Slm dan Allah nawa ne gana masgo biyu zuwa kano". Za ka ga ɗan Sharamansur da aka haifa a Makka yana haɗa Hausa da Larabci a jimla ɗaya, ya ce a ɗauki kayan "bukra", wato gobe, ya rubuta nauyi da lambobin Larabci, ٤٥. Za ka ga "na fasa" kurum, babu lambar rajista. Za ka ga saƙon murya da na'ura ta mayar rubutu ta ɓata rabinsa. Waɗannan su ne jarrabawarka.

Kafin ka adana su, goge sunaye, lambobin waya, lambar igama (katin izinin zama a Saudiyya) da ta fasfo, ka sa na ƙarya a madadinsu. Amana ce, kuma doka ce: dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumban 2023, wa'adin sassaucinta ya ƙare a Satumban 2024, hukumar SDAIA ke sa ido a kanta.

Saƙo 40 zuwa 50 sun isa a fara. Abin lura shi ne gaurayensu. Ka sa masu sauƙi kaɗan, don ka tabbata tushe na nan. Ka yawaita waɗanda ke tsakanin tul biyu masu kama da juna, kamar duba farashi da yin rajista, ko bibiyar kaya da duba fatura. Ka sa waɗanda bayaninsu bai cika ba, inda amsar daidai ita ce ɗan aiken ya yi tambaya, kada ya kira komai. Ka sa waɗanda ba su shafi kayan aikin ba sam, kamar mai tambayar hanyar filin jirgi ko mai yi muku barka da Sallah. Wannan kashin ba ƙaramin abu ba ne. Ko ma'aunin da jami'ar Berkeley ke yi wa kiran tul yana da sashe na musamman na gwada ko na'ura ta san lokacin da bai kamata ta kira komai ba. Sai kuma masu haɗari: sokewa, mayar da kuɗi, canja sunan mai karɓar kaya a Kano. Ka sa mai turare mai barasa a kwali da mai batirin litiyam, domin waɗannan kaya ne da ƙa'idar sufurin sama ta sa cikin masu haɗari, ba a yi musu rajista kamar abaya.

Gaban kowane saƙo, a jadawalin Excel, rubuta abin da ya kamata ya faru: wane tul za a kira, me za a sa a kowane gurbi, ko wace tambaya za a yi. Ka rubuta kafin ka ga amsar ɗan aiken. In ka bari sai ka gani, zuciyarka za ta riƙa yi masa uzuri. In kuma kai da Alhaji mai ofis kuka saɓa kan amsar daidai, to matsalar ta fi ƙarfin bayani, ofishin ne bai yanke hukunci ba. Mun yi haka kan "bayan Sallah". Na ce a sa ranar aiki ta farko, Alhaji ya ce, "A'a Malam, a tambayi mutum. Wani bayan Sallarsa sai ya dawo daga ziyarar Madina." Maganarsa muka ɗauka.

A ƙarshe ware kashi ɗaya cikin huɗu na saƙonnin ka kulle su a wani fayil. Kada ka duba su sai mataki na 8.

Mataki na 4: Gudanar da gwajin, kowane saƙo sau 5

A rumbun bayanai na gwaji, ba na ofis ba, kuma ka mayar da shi yadda yake kafin kowane zagaye. Kowane saƙo ka fara masa sabuwar hira.

Dalilin sau 5 shi ne ɗan aiken ba ya maimaita kansa daidai. Bayani mai harshen damo zai sa ya dace yau ya kuskure gobe. Yi lissafin: abin da ake dacewa da shi sau 9 cikin 10, damar a dace sau 5 a jere kusan kashi 59 ne cikin 100. A ranar da mutum 100 suka turo irin wannan saƙon, kusan 10 za su sami kuskure. Ma'aunin tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 a kan wannan tunanin ya gina ɗaya daga cikin makinsa, wato a duba ko an dace a duk zagayen, ba a ɗaya daga ciki ba. Ni ma haka nake ƙirgawa. Saƙon da aka ci sau 4 cikin 5, faɗuwa nake rubuta masa.

Mataki na 5: Ba da maki a ginshiƙai dabam-dabam, sannan karanta hirar

Maki ɗaya dunƙule ba ya nuna inda ciwo yake. Ka raba. Ginshiƙi na farko: ya zaɓi tul ɗin da ya dace? Na biyu: ya cike gurabe daidai, da ma'auni da tsarin rana? Na uku: inda ya kamata ya tambaya, ya tambaya, ko ya ƙirƙiro? Na huɗu: abin da ya gaya wa kwastoma ya yi daidai da abin da tul ya dawo masa da shi? Na biyar: kira nawa ya yi kafin ya kai ga amsa? Biyun farko kod zai iya duba maka su. Sauran sai ido.

Kowane ginshiƙi yana nuna maka yatsa zuwa wuri dabam. Faɗuwa a na farko takan fito daga suna da jimlar farko ta bayani. Faɗuwa a na biyu daga bayanin gurabe. Faɗuwa a na uku daga rashin faɗin abin da za a yi idan ba a sani ba.

Sannan ka zauna ka karanta hirarrakin da kanka, har da waɗanda aka ci. Na taɓa ganin ɗan aiken ya kai ga farashin daidai, amma ta hanyar yin rajista, ya ga kuɗin, ya soke. Maki ya ce ya dace. A ofis na gaske kuwa ya riƙe wuri a jirgi ya saki, an tura wa kwastoma saƙo biyu masu ruɗarwa. Jadawali ba zai nuna maka wannan ba. In tsarin da kake amfani da shi yana nuna tunanin ɗan aiken kafin ya kira tul, karanta shi ma, yakan nuna kalmar da ta ɓatar da shi. Amma kada ka ɗauki abin da ya faɗa game da kansa a matsayin hujja. Hujja ita ce kiran da ya yi.

Mataki na 6: Gyara abu ɗaya, sake gwadawa

In ka gyara abu biyar lokaci guda maki ya tashi, ba ka san wanne ya yi aiki ba, ba ka kuma san ko ɗaya ya ɓata wani wuri ba. Gyara ɗaya, gudanar da jarrabawar duka, rubuta sakamako da kwanan wata.

Fara da suna, domin mu masu Hausa muna da tarko na musamman a nan. Sunan tul a wurin OpenAI baƙaƙen Turanci kawai yake karɓa, da lambobi, da ɗan layin ƙasa ko na tsakiya, kuma ba ya wuce harafi 64. Ƙa'idar Anthropic ma waɗannan baƙaƙen ta yarda da su. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ka so rubuta "ɗage rana" sai ya zama dage_rana, dagewa kuwa wani abu ne dabam. Ka so "ƙara kaya" ya zama kara_kaya. Ko ba lanƙwasa ma, fasa_kaya na iya zama janyewa, na iya zama farfasawa. Zaɓi kalmar da ba ta rabuwa biyu in an cire mata lanƙwasa: canja_ranar_tafiya, soke_rajista. A cikin bayani kuwa kana da 'yancin rubuta baƙaƙenmu yadda suke.

Sai bayanin kansa. Ga abin da na fara rubutawa kan duba_farashi:

"Yana duba farashin kaya."

Ga inda ya tsaya bayan zagaye da dama:

"Yana lissafa kuɗin tura kaya ta jirgin sama daga Jidda zuwa Kano, Abuja ko Yamai. Lissafi kawai yake yi: ba ya rajista, ba ya riƙe wuri a jirgi. Don rajista a kira yi_rajista. A kira shi bayan an san nauyi da kilo. Idan kwastoma yawan jakunkuna kawai ya faɗa, a tambaye shi nauyi, kada a ƙiyasta. Idan kayan masu cin wuri ne kamar bargo, darduma ko katifa, a tambayi tsawo da faɗi da tsayin kwalin da santimita. Kuɗin da yake dawowa da shi riyal ne. Ba ya lissafin kayan jirgin ruwa."

Kowace jimla a ciki akwai faɗuwar da ta haife ta. Takardun Anthropic na ba da shawarar aƙalla jimla 3 zuwa 4 ga kowane tul, kuma na ga gaskiyar hakan, sai dai tsawo kaɗai ba ya magani. Bayani ya amsa abu biyar: me yake yi, yaushe ake kiransa, yaushe ba a kiransa kuma wa ake kira a madadinsa, me yake buƙata, me yake dawowa da shi. Na ukun ne aka fi mantawa, kuma shi ne ke raba tagwaye, wato tul biyu masu kama da juna.

Maganar bargo tana bukatar ƙarin haske, domin misali ce ta ilimin da ke kan kowa a ofis amma babu shi a takarda. A kagon sama ana cajin wanda ya fi yawa tsakanin nauyin sikeli da nauyin girma, na girman kuwa ana samunsa ne a ninka tsawo da faɗi da tsayi da santimita a raba da 6000. Kwali mai 60 da 50 da 50 ya zama kilo 25 ke nan, ko da bargunan ciki kilo 12 suka nuna a sikeli. Yaron awo ya san wannan ko cikin barci. Ɗan aiken ma wataƙila ya taɓa cin karo da ƙa'idar, amma bai san ko ofishinku na binta ba, ko da 6000 kuke rabawa ko da 5000 irin na wasu kamfanonin aika saƙo. Ka zaga ofis ka tambayi kowa, "Me sabon yaro yakan kuskure a makonsa na farko?" Amsoshin su ne jimlolin da suka ɓace daga bayaninka.

Rana ita ce ta fi wahalar da ni. A nan ana aiki da kalanda biyu. "Ranar 5 ga wata" daga bakin dattijon Makka na iya zama 5 ga Muharram, daga bakin ɗan kasuwar Kwari kuwa 5 ga Yuli. Ko ta Hijirar ma, lissafin Ummul Ƙura na nan yakan saɓa da na gida da kwana ɗaya, tunda can ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi ake bi. Ga kuma agogo: Jidda na gaban Kano da sa'a 2, don haka wanda ya rubuto "gobe" daga Kano da ƙarfe 11 da rabi na dare, a Jidda goben ta riga ta shiga. Abin da na rubuta a gurbin shi ne: rana ta Miladiyya, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2025-07-05, da agogon Jidda, idan ba a tabbatar wace kalanda kwastoma ke nufi ba, a tambaya, kafin rajista a maimaita masa ranar da sunanta, Asabar ko Lahadi. Juyar da Hijira zuwa Miladiyya kuwa ban bar wa ɗan aiken ya yi da ka ba, na yi masa tul na musamman.

Wannan ya kawo ni ga hukuncin da na fi tsayawa a kai. Abin da za a iya ɗaurewa a tsari, kada a bar shi ga lallashin rubutu. Garuruwa uku kuke kaiwa? Sa su a enum, wato jerin zaɓin da gurbi ba ya karɓar wani abu bayansu, KAN da ABV da NIM, ka faɗi wanne ne wanne. Gurbin da ba a aiki sai da shi, sa shi cikin required, jerin guraben dole. Ma'auni kuwa ya shiga cikin sunan gurbin: nauyi_kilo, tsawo_santimita. Matsalar Hajiya ma a ƙarshe ba da ƙarin bayani na warware ta ba. Na fara rubuta "da halala, riyal 1 halala 100 ne", aka samu sauƙi, amma har yanzu ɗan aiken ne ke ninkawa. Sai na canja tul ɗin kansa: gurbin ya koma kudi_riyal, ninkawar ta koma cikin kod. In ka gyara bayani sau uku a kan abu ɗaya bai zauna ba, tul ɗin ne ke son gyara. Wani lokaci tagwayen da ke ruɗa shi haɗe su za ka yi su zama ɗaya.

Da wane harshe za a rubuta bayanin? Ƙwaƙwalen da ke bayan ɗan aiken, irin su Claude da ChatGPT, sun fi ƙoshi da Turanci da Larabci fiye da Hausa, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma tunda jarrabawa na hannunka, ba sai ka yi gardama da kowa ba: rubuta iri biyu, gudanar da su, ka gani. Ko da wanne ka tsaya, ka sa kalmomin da kwastomominka ke faɗa a ciki. Ka gaya masa "na fasa" na iya nufin sokewa gaba ɗaya ko jinkirtawa, don haka a tambaya.

Mataki na 7: Gwada abin da tul ke mayarwa, musamman saƙon kuskure

Bayani bai ƙare a kan suna da gurabe ba. Abin da tul ya amsa shi ma umarni ne ga mataki na gaba. Da gangan ka ba shi lambar rajistar da babu ita, ranar da ta wuce, garin da ba kwa zuwa, ka ga me ɗan aiken zai yi. Namu da farko lamba kawai yake mayarwa, 400, sai ɗan aiken ya yi ta maimaita kira iri ɗaya, daga baya ya ce wa kwastoma tsarin ya lalace. Da na mayar da saƙon "Ranar da aka bayar ta wuce. A bayar da rana daga yau zuwa gaba, da tsari irin 2025-07-05", sai ya gyara da kansa a kira na biyu.

Haka in ba a sami kaya ba, kada tul ya dawo fayau. Ya ce ba a samu ba, ya faɗi abin da za a nema, misali lambar takardar kagon sama mai lamba 11. In ya dawo babu komai, akwai ranar da ɗan aiken zai ce wa mutum kayansa na hanya don ya kwantar masa da hankali. Kuma ka rage tarkace. Mai tambayar inda kayansa suke ba ya bukatar a juye wa ɗan aiken layi 200 na rumbu.

Mataki na 8: Buɗe fayil ɗin da ka kulle

Yanzu ɗauko saƙonnin da ka ware. In maki a kansu ya yi kusa da na sauran, bayaninka ya koyar da aikin. In ya faɗi ƙasa sosai, to amsoshin jarrabawa ka haddace masa, sai ka koma ka mayar da gyare-gyarenka ƙa'idoji maimakon facin saƙo ɗaya-ɗaya. Da ka buɗe su sun tashi daga ɓoyayyu, sai ka tara sabbi.

Ina kuma gwadawa da ƙwaƙwalwa ta biyu, ƙarama mai araha. Babba takan rufa wa bayani mara kyau asiri da kaifin zatonta. Ƙaramar ba ta iya wannan, inda ta yi tuntuɓe nan ramin yake.

Ayyukan da ba a dawo da su

Sokewa da mayar da kuɗi da canja mai karɓa, waɗannan ko an ci jarrabawarsu sau 5 cikin 5 ban yarda bayani kaɗai ya tsare su ba. MCP na da alamomi irin readOnlyHint da destructiveHint da ake liƙa wa tul don a san mai karatu ne kawai ko mai ɓarna, kuma yana da kyau ka sa su. Sai dai alama ce kawai. Ƙa'idar kanta ta ce kada a dogara da su in ba daga amintacciyar saba, wato manhajar da ke samar da kayan aikin, suka fito ba. A wurinmu soke_rajista ba ya sokewa nan take. Yana tura wa lambar da ta yi rajistar saƙon tabbatarwa, mayar da kuɗi kuwa sai Alhaji ko magatakarda ya danna da hannunsa.

In kuma za ka jona kayan aikin da wani ya rubuta, ka koma mataki na 1 ka karanta bayaninsu kalma-kalma kafin ka haɗa. Rubutun nan kai tsaye yake shiga kunnen ɗan aikenka, kuma an nuna cewa ana iya cusa umarnin ɓoye a ciki, a sa shi ya kwashi bayanan da ba a aike shi ba. Ka adana kwafin abin da ka karanta, domin mai sabar na iya canja shi bayan ka amince.

Jarrabawar kuwa ba a yinta sau ɗaya a ajiye. Duk ranar da aka ƙara tul, ko aka taɓa bayani, ko kamfani ya fito da sabuwar ƙwaƙwalwa kuka koma kanta, a sake gudanar da ita duka, domin sabon tul na iya janye kiran da tsoho ke samu. Ni na ɗaura tawa da lokutan cunkoso: sau ɗaya a Sha'aban kafin masu Umrar azumi su cika gari, sau ɗaya a Zulƙida kafin alhazai. Tsakanin nan kuma na roƙi magatakarda, duk saƙon da ya ga ɗan aiken ya amsa ba daidai ba ya turo mini hotonsa. Na makon jiya wani ne ya rubuto daga Yamai yana tambayar kuɗin kayansa da sefa, ɗan aiken ya ba shi adadin riyal ya liƙa masa sunan sefa. Ya zama saƙo na 63 a jadawalin, kuma jimlar da za ta shiga bayanin duba_farashi ita ce: ba a juya kuɗi zuwa naira ko sefa, a faɗi riyal, a ce canjin ranar sai a ofis.